Ranar da Diyab Ya Zauna Wuri Ɗaya

A Dair Summak, ƙauyenmu da ke kan duwatsun Galili, ba a taɓa ganin Diyab mai gogar tukwane ya shanye kofin gahawa a zaune ba. Zai karɓa ya kurɓa, ya miƙe ya leƙa waje, ya dawo ya tambayi labarin da ba zai tsaya jin ƙarshensa ba, kafin ka ankara kofin yana kan katanga ya huce, shi kuwa ya kai bakin rijiya. Ko ranar Juma'a, da liman ya yi sallama takalman Diyab ne na farko da ke barin ƙofar masallaci. Siriri ne dogo, kuma shi kaɗai Allah ya bar wa uwarsa Fidda.

Sana'ar ma kamar don shi aka yi ta. Tukunyar tagulla in shafen kuzan da ke cikinta ya goge, sai ta yi kore, abin da aka dafa a ciki ya zama ciwo. To, sai Diyab ya zo da jakinsa da zugazuginsa. Ya zuba yashi da ruwa a cikin babbar tukunya, ya shimfiɗa tsumman buhu, ya shiga da ƙafafunsa biyu, ya dafa bango, ya kama murɗa ƙugu hagu da dama har tsatsar ta fita. Mata su taru a bakin ƙofa suna rufe baki da mayafi don dariya.

"Diyab, rawar nan ta wace amarya ce?"

"Ta tukunyarki ce, Hajja. Ta fi ki haƙuri, shekara biyu ba ki kula ta ba."

Daga nan ya ɗora ta a wuta, ya narka kuza, ya bi ta da auduga har sai mace ta ga fuskarta a ciki. Gab da azumi yana gidajen Musulmi, gab da Ista yana na Kirista, in kuwa idin Yahudawa na gurasa marar yisti ya matso, yana unguwarsu a Safad. Daga Akka har ƙauyukan kudancin Labanan babu karen da bai san jakinsa ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda. A Safad akwai wata tsohuwa, Mazal, wadda ba ta yarda kowa ya taɓa mata tukunya sai shi. Ɗanta Rahamim, malamin ofis ne a wurin Turawan Ingila masu mulkin ƙasar, kullum sai ya tsokane shi: "Diyab, don girman Allah zauna ka ci." Shi kuma ya ce a tsaye abinci ya fi saurin samun hanya.

Matarsa Nijma 'yar baffansa ce. Shekara tara da aure ba haihuwa, tsofaffin ƙauye suna cewa to ina za a samu, mutumin da ba ya kwana uku a jere a gida. Nijma takan yi murmushin dole, amma abin yana cin ta, shi ma yana cin sa.

Sai kuma Fidda, wadda in ba a san ta ba ba za a gane abin da ya faru ba. Lokacin babban yaƙin Turkawa, ma'aikata suka zo da littafi suka rubuta duk namijin da ya isa ɗaukar bindiga. Ashirin da uku aka rubuta a Dair Summak, uku suka dawo, ɗaya ma ba ƙafa. Fidda tana amarya a lokacin. Ta zura mijinta a rumbun laka na alkama da ke ƙuryar ɗaki, ta rufe bakin, ta ɗora tulun man zaitun a kai, ta fito ƙofa tana rusa kuka wai zazzaɓi ya kashe shi. Shekara uku bawan Allah yana tsakanin rumbu da kogo. Ya rayu, ya haifi Diyab, ya mutu a kan shimfiɗarsa da furfura. Mutane suka ce zaman da uban ya yi ne ɗan yake ramawa. Ita kuwa Fidda tun daga nan ta riƙe abu guda ta ƙulle a bakin zane: hukuma ba ta rubuta sunan namiji don alheri.

Diyab yana da shekara talatin da ɗaya aka taru a zauren mai gari Abu Rashid, inda rediyon ƙauyen yake, aka ji cewa an zauna a wata majalisa can ƙetaren teku an raba Falasɗinu biyu, rabi ƙasar Yahudawa, rabi ta Larabawa. Zauren ya kaure.

"Sun raba? Gonar ubansu ce?"

"Wallahi ko taku ɗaya ba za mu bayar ba!"

Diyab yana bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje kamar kullum, ya ce, "Ni dai ku gaya mini, hanyar Safad tana rabin wa?" Aka yi masa dariya, wani ya ce ƙasa tana tafiya kai kana zancen tukwane. Amma shi ma bai yarda da rabon ba. Da aka ce kowane gida ya nemi bindiga, warwaron auren Nijma ya kai Akka ya dawo da wata tsohuwar bindiga da harsashi tara. Aka ba shi gadi a kan tudun yamma. Ina! Kafin rana ta karkata an gan shi a tudun gabas yana tambayar masu gadin can ko sun ga wani abu. Dole aka mai da shi ɗan aike tsakanin ƙauyuka, a nan ne kawai ya yi wa yaƙin amfani.

Ingila ta tattara ta tafi, Yahudawa suka yi shelar ƙasarsu suka sa mata suna Isra'ila. Mayaƙan sa kai na Larabawa suka zo suka sauka a makarantar ƙauye, suka ce mu kwantar da hankali, aikin mako biyu ne. Diyab ya goge musu manyan tukwanensu kyauta. Suka cinye kajin ƙauyen tas. Safad ta faɗa hannun Isra'ila, ya tsaya a bakin hanya yana ganin mutanen da ya san ɗakunan girkinsu ɗaya bayan ɗaya suna wucewa arewa da katifu a ka. Lokacin tsinkar zaitun kuma aka wayi gari makaranta ba kowa, mayaƙan sun yi Labanan ko sallama babu. Abu Rashid ya ɗaura farin ƙyalle a sanda ya fita bakin ƙauye.

Ranar da sojojin Isra'ila suka shigo, suka tara maza a masussuka suka zaɓi samari goma sha ɗaya suka tafi da su sansani. Daga wani ƙauye da ke bayan dutse kuma labari ya zo cewa an jera wasu a bango an harbe. Diyab bai shiga hannu ba, don ya fita tun safe ya je jefa bindigarsa a tsohuwar rijiya, ya zarce duba wani kogo, bai dawo ba sai da komai ya lafa. Kada wani ya ce tsoron Fidda na banza ne. Ta ga abin da ta gani.

Cikin hunturu, wata safiya ana yayyafi, mai shela ya zaga cewa kowa ya zauna a gidansa, malaman sabuwar hukuma za su bi gida gida su rubuta mutane. Fidda ta sauke tulun mai daga kan rumbu, ta dubi ɗanta.

"Shiga."

"Haba Umma. Mai gari ya ce takardar zama ce kawai, da ta rabon fulawa da sukari."

"Mai gari! Ubansa ma haka ya gaya wa mutane zamanin Turkawa. Je ka maƙabarta ka nemo mini kabarin ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka yarda da shi."

Nijma ta ce a hankali, "Matar baffa, kowa fa ya bar mijinsa a fili."

"Kowa yana da uku yana da huɗu. Ni ɗaya gare ni." Ta dafa ƙirjinta da hannu biyu. "Diyab, in ka fito daga rumbun nan kafin mutanen nan su bar gidan nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba, duniya da lahira."

Wa zai tsallake wannan? Ya shiga. Alkamar ta kusa ƙarewa, ya dunƙule gwiwa a haɓa, aka rufe, ya ji an ɗora tulu. Tun ba a je ko'ina ba ƙafarsa ta hagu ta fara tsami, ƙaiƙayi ya shiga wuyan rigarsa. Ya ji an buga ƙofa, ya ji takun mutum biyu, ɗaya da takalmin soja. Sai wata murya da ya sani kamar yunwar cikinsa ta yi sallama da Larabcin Safad.

"Sannu da gida, Hajja Ummu Diyab. Ni ne Rahamim, ɗan Mazal. Ɗanki ne yake goge mana tukwane. Ina yake?"

"Ya tafi."

"Ina?"

"Labanan. Tun ranar da kuka shigo ya bi masu gudu."

Diyab ya ji muryar ta matso, ta yi ƙasa.

"Hajja, sojan nan ba ya jin Larabci, ki saurare ni da kyau. Wannan ba littafin ɗaukar soja ba ne. Wanda ya shiga yau ya zauna. Wanda bai shiga ba, ko a ɗakin nan aka yanke masa cibi, baƙo ne ya zama. Ga jakinsa can a ɗaure, ga zugazuginsa a rataye. Yaushe Diyab ya taɓa tafiya ya bar jakin nan? In yana kusa ki kira shi."

A wurin Fidda, daɗin bakin nan shi ne babbar shaidar tarko. Na Turkawa ma da murmushi ya zo.

"Na ce maka ya tafi. So kake in rantse maka?"

"A'a, kada ki rantse." Sai ya ɗaga murya, kamar mai magana da bango. "Zan tsaya a bakin ƙofar nan in sha taba guda ɗaya kafin in rufe shafin gidan nan. In akwai mai ji na, to ya ji."

Diyab ya ji ƙarar ashana. Ya ji warin tabar yana shigowa ta tsagar murfi. Duk jikinsa cewa yake tashi. Ya san Rahamim, mutumin da ya taɓa bin sa har kasuwa don ya mayar masa da wuƙar da ya manta, me zai sa ya yi masa tarko? Ya ɗora tafin hannunsa a murfin, turawa ɗaya ce ta rage. Amma samarin nan goma sha ɗaya fa, har yau ba labarinsu? Nonon uwa kuma fa? Ya janye hannun, ya mayar, ya sake janyewa. Gumi ya jiƙa shi cikin sanyin nan. Mutumin da bai taɓa jiran gahawa ta huce ba, ran nan ya zauna har taba guda ta cinye.

Aka rubuta matan gidan biyu, Fidda da Nijma. Fidda ta dangwala babban yatsanta a tawada ta danna a ƙarƙashin maganarta. Da suka tafi ta buɗe rumbu ta rungume kansa tana hamdala, ta yanka musu zakaran da ya rage.

Ba a yi wata uku ba gaskiya ta fito. Da sassafe sojoji suka kewaye ƙauyen, aka kora kowa masussuka, masu takarda dama, marasa takarda hagu. Diyab ya ce shi ɗan gidan nan ne, ga uwarsa ga matarsa, ga itacen ɓauren da ubansa ya dasa. Aka duba littafi aka ce mai wannan sunan yana Labanan, kuma uwarsa ce ta faɗa. Aka loda su a babbar mota, aka sauke su a bakin iyaka, aka yi harbi sama aka ce su miƙe.

Kwana huɗu ya dawo. Wa zai nuna wa Diyab hanya a duwatsun nan? Aka sake kama shi lokacin girbin alkama, ya sake dawowa. Karo na uku suna dawowa su biyar, aka buɗe musu wuta a wani kwari, su uku suka iso. Daga nan Abu Rashid ya zo gidan da kansa, ya ƙi ko zama.

"Ɗan ɗan'uwana, ka ji ni. Akwai wani lauya a Haifa da yake kai irin maganarku kotu, wasu sun samu takarda. Na ba shi sunanka, mu goma mun sa hannu cewa kana nan ranar rubutu. Amma ya ce in aka ƙara kama ka, magana ta mutu. Saboda haka ka zauna. Ka ji abin da na ce? Ka zauna!"

"Har yaushe, baffa?"

"Oho. Shekara, ko biyu."

Wayyo Diyab. Ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida mai katanga, shi ke nan duniyarsa. Aka sayar da jakin don kada ya tona asiri, in ya ji kukansa daga gidan sabon mai shi sai ya miƙe tsaye bai sani ba. Ya zaga ɗakin har ƙafarsa ta yi hanya a daɓen. Ya goge tukwanen gidan, ya sake gogewa, har gindin ɗaya ya hude. Ya kwance ƙofa ya gyara abin da bai lalace ba. Tukwanen ƙauye kuwa suka yi ta yin kore, mata suna kawowa a ɓoye ƙarƙashin mayafi, sai mai gari ya hana, ya ce hayaƙin kuza ana jin warinsa daga bakin hanya, kuma ba kowane ɗan ƙauye ne bakinsa yake rufe ba. Ya rame, ya zama mai faɗa. Wata rana a kan gishiri ya yi wa Nijma tsawa har ta yi kuka, ya koma ya zauna yana dukan cinyarsa.

Da uwarsa kuwa ba ya faɗa, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Bai taɓa ce mata ke kika jawo ba. Ita ce dai ta daina haɗa ido da shi. Rahamim yana zuwa zauren mai gari Alhamis ɗin farko ta kowane wata, shi da wani sajan na gwamnan soja, don rubuta haihuwa da mutuwa da ba da izinin fita ƙauye. Fidda ta je ta tsaya a gabansa ta ce, "Ƙarya na yi maka ran nan." Ya ce, "Na sani, Hajja, tun ran nan na sani. Amma littafin ya bar hannuna, yana Akka da yatsanki a ciki." Ta dawo gida ta kwanta, kwana biyu ba ta ci ba.

Ana cikin haka Nijma ta samu ciki. Bayan shekara goma sha ɗaya! Tsofaffin da suka yi ta surutu suka ce ai mun faɗa, zama ne maganin. Diyab ya rasa inda zai sa kansa don murna, ga shi ba dama ya fita ya faɗa wa kowa. Da kaka ta yi, Nijma ta haifi mace, ya yi mata huɗuba a kunne da murya ƙasa ƙasa kamar ɓarawo, ya sa mata suna Zahiyya.

Murnar ba ta yi mako ba aka zo kan maganar da kowa yake gudu. Dole a rubuta jaririyar, in ba haka ba ita ma ta zama marar takarda. Wannan karon Fidda ce ta fi kowa matsawa a rubuta. To amma a rubuta ta 'yar wa? A littafi mijin Nijma ya kusa shekara biyu a Labanan. In aka ce Diyab ne uban, an gaya wa sajan da baki cewa yana cikin ƙauye. In aka bar gurbin uba ba komai, an ɓata Nijma da 'yarta har abada. Muflih, wan Nijma, ya zo da mai gari, aka zauna a ɗakin, Diyab yana kai da komowa a bayansu.

Mai gari ya ce, "Abin mai sauƙi ne, an yi a wasu ƙauyuka. A rubuta ta 'yar Muflih da matarsa. Takarda ce kawai. Yarinya tana hannunku, kowa ya san 'yar wa ce."

Muflih ya ce, "Ni wallahi na yarda. 'Yata ce dama."

"'Yarka ce dama," in ji Diyab. "In an gyara tawa takardar fa, sai a mayar mini da ita?"

Mai gari ya sosa gemu. "Wannan kuma sai a bar shi yadda yake. In ka taɓa, ka ɗaure Muflih."

"Wato in ta shiga makaranta, Zahiyya Muflih. Ranar aurenta, Zahiyya Muflih."

"Ɗana," in ji Fidda, ba ta ɗago ba, "ka yi haƙuri ka bari. Ka kusa fa. Lauya ya ce bayan hunturu."

Ya dubi Nijma. Ta sunkuyar da kai kan jaririyar, ta ce, "Ɗan baffa, ni dai ina son ka a gidan nan." Ya juya ya ci gaba da kai da komowarsa, aka ɗauka ya yarda.

Kwana biyar ya yi yana zaga ɗaki da yarinyar a kafaɗa. Ya san gaskiyarsu ce. Ya faɗa wa kansa haka sau ɗari. Amma da ya dubi fuskarta sai abin ya dawo masa sabo. An ce ba ya nan, ya haƙura, don ba da bakinsa aka faɗa ba. Yanzu kuma shi da kansa zai zauna a ɗaki a je a ce bai haifa ba?

Ranar Alhamis da hantsi Muflih ya zo ya karɓi takardar ungozoma ya tafi zaure. Fidda tana bayan gida wajen tanderu. Diyab ya ajiye yarinyar a cinyar uwarta, ya ɗauko rigarsa ta idi ya sa, ya ɗaura ɗamara. Nijma ta dube shi, ta gane. Hawaye suka zubo mata. Ya sunkuya ya sumbaci goshinta da na yarinyar, ya zare sakata.

Rabonsa da tsakiyar ƙauye da rana tsaka shekara guda da wata biyu. Hasken ya kashe masa ido. Mata a bakin rijiya suka saki guga, wani tsoho ya ce, "Diyab, ka haukace? Koma!" Bai ko waiwaya ba.

A zaure Rahamim yana zaune da littafi, Muflih a tsaye gabansa, sajan yana kan kujera a bakin taga yana ɓare lemo. An riga an rubuta sunan yarinya.

"Sunan uba?" in ji Rahamim, kansa a sunkuye.

"Diyab ɗan Hamad."

Rahamim ya ɗago. Fuskarsa ta canza. Ya saci kallon sajan, ya ce da Larabci tsakanin haƙora, "Ban gan ka ba. Juya ka fita, ban gan ka ba."

"To buɗe idonka da kyau. Ga ni."

"Kai mahaukaci ne? Takardarka tana gaban alƙali, na gan ta da idona. In na rubuta wannan, sajan nan ne zai sa hannu a ƙasa, kuma ya iya karatu. Ba Labanan ta kusa za su kai ka ba wannan karon."

"Na sani. Ran nan ka tsaya mini, ban fito ba. Yau na fito. Rubuta."

Mai gari ya kama hannun rigar Diyab, shi kuwa ya fizge. Sajan ya ajiye lemon ya miƙe yana tambayar me ake ciki. Rahamim ya daɗe yana kallon alƙalaminsa, sannan ya tsoma a tawada ya rubuta.

Sai ga Fidda ta faɗo zauren ba mayafi, hannuwanta duk ƙullun gurasa. Ba mace da ta taɓa shiga zauren nan haka. Ta ratsa maza ta kama ɗanta ta baya, ta dubi Rahamim tana haki.

"Ɗana ne! Ni na haife shi a ƙauyen nan, bai taɓa gudu ko'ina ba. Rubuta wannan ma! Kawo tawadar in danna, yatsu goma in kana so!"

Rahamim ya ce a hankali, "Hajja, babu gurbin wannan a takardar."

Diyab bai iya karatu ba, ba na Larabci ba balle na Yahudanci. Ya ce a nuna masa wurin. Rahamim ya juyo da littafin ya ɗora yatsa a kan wasu 'yan baƙaƙe da tawadarsu ba ta bushe ba. Diyab ya dube su, ya ce, "Duka wannan ni ne?" Aka ce eh. Ya ɓamɓare hannun uwarsa daga jikinsa a hankali, ya sumbace shi ya ɗora a goshinsa, ya bi sajan.

Wata shida ya yi a kurkuku, daga nan aka fitar da shi ta kudu, ta wajen Gaza. Sai da ya shekara biyu kafin ya zagayo ya kai wani sansanin 'yan gudun hijira kusa da Sur, a Labanan. Kafin nan an tsaurara tsaron iyaka. Sau biyu ya gwada, na biyun ya koma da harsashi a cinya, ƙafar ba ta ƙara iya hawa dutse ba. Fidda ta rasu a hunturu na uku. Masu zuwa daga can sun ce ya ci gaba da goge tukwane a sansani yana ɗingishi daga tanti zuwa tanti, har tukwanen alminiyam suka zo suka kashe sana'ar. A can ya mutu, ba a ma san ainihin shekarar ba.

Akwai waɗanda har gobe suke cewa wauta ya yi, da ya ƙara haƙurin wata huɗu da ya tsufa a gidansa. Wataƙila. Biyu daga cikin waɗanda lauyan ya kai sun samu takarda, uku ba su samu ba. Nijma ba ta ƙara aure ba, kuma ba ta taɓa bari a zage shi a gabanta ba, ko da yake ita kanta in ta tuna takan ce, "Allah ya yafe masa, ya bar ni da aiki."

Zahiyya ta girma a Dair Summak, ta yi aure, ta haifi takwas. Ba ta san fuskarsa ba, ko hoto bai bari ba. Amma duk ofishin da ta shiga, asibiti ne ko wurin karɓar izini, in malami ya tambaye ta sunan uba, sai ta faɗe shi da ƙarfi har na ƙarshen layi su ji.